In'ina: Akwai Ƙwayar da Ke Warkar da Ita?

Iyaye da ƴan'uwa, wataƙila kuna da yaron da magana ke sarƙe masa a baki. Yana maimaita farkon kalma, ko ya ja ta, ko ya tsaya cik. Mai tallar magani a kasuwa zai ce muku yana da ƙwayar da ke kwance harshe. Kafin ku sayar da gero ku ba shi kuɗinku, ku karanta wannan.

Mece ce in'ina?

In'ina ba aikin iska ba ce, ba sammu ba ce, ba kuma rashin hankali ba ce. Tana fitowa ne daga yadda ƙwaƙwalwa ke tsara magana, kuma sau da yawa gado ce. Takan fara tsakanin shekara 2 da 5. Cikin yara 100, wajen 5 sukan yi ta na wani lokaci. Yawancinsu, kamar 3 cikin 4, takan bar su. Cikin manya 100, wajen mutum 1 ne ke da ita, maza sun fi mata yawa. Ba abin kunya ba ne. Annabi Musa ma ya yi kukan nauyin harshe, duk da haka Allah ya aike shi gaban Fir'auna.

Magungunan da aka gwada

Har yanzu babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da in'ina. Likitoci sun gwada haloperidol da risperidone da olanzapine a kan manya. Waɗannan magungunan ciwon taɓin hankali ne, masu ƙarfi ƙwarai. Sun rage wa waɗansu in'ina, amma idan aka daina sha takan dawo. Suna kawo yawan barci, sandarewar jiki, rawar hannu da ƙiba. Olanzapine kan hawar da sukari cikin jini. Idan aka daɗe ana shan su, baki da harshe na iya riƙa motsi da kansu, wani lokaci har ƙarshen rai. Saboda haka ba a ba ƙaramin yaro su don in'ina. Babba ma sai likita ya auna shi, ya ci gaba da bibiyarsa.

Ku yi nesa da diazepam, wanda ake kira Valium, da kuma tramol. Ba sa gyara magana. Jiki ne ke sabawa da su har mutum ya kasa rabuwa da su.

Kada kuma ku kai yaro a yanke ƙarƙashin harshensa ko a cire masa beli don in'ina. Matsalar ba a can take ba. Yanka na iya jawo zubar jini da shigar cuta.

Abin da ke taimako a gida

- Ku saurare shi har ya gama. Kada ku ƙarasa masa magana.
- Kada ku tsawata masa, kada ku doke shi, kada ku ce ya yi sauri.
- Ku da kanku ku riƙa yi masa magana a hankali.
- Kowace rana ku zauna da shi minti 5, ku kaɗai, ku yi hira.
- Ku hana yara kwaikwayonsa. Ku gaya wa malaminsa a makaranta.

Akwai ma'aikatan da suka koyi horar da magana. Ba su da yawa a ƙasashenmu, galibi suna manyan birane. Horo da haƙuri sun fi kowace ƙwaya amfani.

Yaushe za ku zo asibiti?

Ku kawo yaron idan in'inar ta wuce wata 6, ko tana ƙaruwa, ko yana matse fuska da runtse ido wajen fitar da kalma, ko ya fara gudun magana.

Idan babba ne wanda bai taɓa in'ina ba, ta same shi farat ɗaya, ku kawo shi a ranar, kada a kwana. Yana iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki, musamman idan baki ya karkace ko hannu ya mutu. Buguwa a kai ko wani sabon magani ma na iya jawo ta. Ku zo da kwalin duk maganin da yake sha, likita ya gani.