Yadda ake neman labarin aboki a ƙasar waje bayan girgizar ƙasa

Da misalin ƙarfe 4:17 na asubahin ranar Litinin 6 ga watan Fabrairun 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya.

A Najeriya da Nijar ƙarfe 2:17 na dare ne a lokacin, kuma galibin jama'a na barci.

Kafin gari ya waye, iyaye da abokan ɗalibai da 'yan kasuwar Afirka ta Yamma da ke zaune a Turkiyya sun shiga buga waya ba ƙaƙƙautawa, da dama kuma ba su samu an ɗauka ba.

Wata girgizar mai ƙarfin maki 7.5 ta biyo baya bayan kimanin sa'o'i tara. Mutane sama da 50,000 ne suka mutu a Turkiyya kaɗai, ban da dubbai a Siriya.

Abin da ya faru a waɗannan kwanaki ya nuna cewa neman labarin wanda bala'i ya rutsa da shi na da hanyoyinsa, kuma wasu abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya na iya cutar da wanda ake nema.

Me ya sa waya ba ta shiga?

A biranen Turkiyya da dama, a saman gidaje ne kamfanonin wayar salula suka kafa turakun sadarwarsu. Da gidajen suka rushe, sai turakun suka tafi tare da su.

Waɗanda suka tsira kuma sun dogara ne da wutar lantarki, wadda ta ɗauke a yankin. Batur da janareton da ke riƙe da su ba sa daɗewa idan ba a kawo mai ba.

Dalili na uku shi ne cunkoso. Kowace turka tana da adadin kiran da za ta iya ɗauka a lokaci guda, kuma idan dubban mutane suka buga a tare, layin kan toshe har ga masu aikin ceto.

Don haka rashin samun mutum a waya a ranar farko ba ya nufin ya mutu ko ya jikkata. Sau da yawa hanyar sadarwar ce ta katse, ko kuma mutumin ya fito da gudu ya bar wayar a ɗaki.

Saƙo ya fi kira

Hukumomin agajin gaggawa a ƙasashe da dama na ba da shawarar a aika gajeren saƙon tes maimakon kira.

Kira na buƙatar layi a buɗe tun daga farkonsa har ƙarshe. Saƙon tes kuwa ƙaramin wuri yake ci, kuma na'urorin kamfani kan ajiye shi su ci gaba da gwada isar da shi har wayar ta dawo kan layi.

A manhajar WhatsApp, alama ɗaya na nufin saƙon ya fita amma bai isa wayar ba. Alama biyu na nufin ya isa, wato wayar na kunne kuma ta samu intanet, ko da mai ita bai karanta ba.

Akwai kuma batun batur. A Turkiyya, mutane da dama da gini ya danne sun yi amfani da wayoyinsu wajen aika adireshin inda suke ta shafukan sada zumunta. Kira hamsin daga abokai na iya cinye cajin da irin wannan mutum ke tattali.

Abin da ya fi dacewa shi ne dangi da abokai su zaɓi mutum ɗaya ya riƙa tuntuɓa, shi kuma ya sanar da sauran. Saƙon ya zama gajere, mai neman amsa ta kalma ɗaya: Kana lafiya? Kana ina?

A fara duba taswira

Turkiyya na da larduna 81, kuma 11 ne girgizar ta fi shafa, ciki har da Hatay da Kahramanmaras da Gaziantep da Adiyaman da Malatya.

Santambul na da nisan ɗaruruwan kilomita daga yankin, kuma gine-ginensa ba su rushe ba. Sanin sunan garin da aboki yake, da unguwarsa, da makarantarsa ko wurin aikinsa, shi ne matakin farko, domin yakan kwantar da hankali ko ya nuna inda za a dosa.

Idan an kwana ba labari, sai a nemi waɗanda ke kusa da shi: abokin ɗaki, ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, ƙungiyar ɗaliban ƙasarsa, ko masallacin da yake salla.

Daga nan sai ofishin jakadanci. Najeriya na da nata a Ankara, kuma a Abuja akwai hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare.

Za su buƙaci cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, adireshi, hoto na baya-bayan nan, da lokacin da aka ji daga gare shi na ƙarshe. Laƙabin da aka san mutum da shi a gida ba ya cikin rajistar asibiti.

Masu haɗa iyalai

Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, ICRC, tana da cibiyar neman waɗanda suka ɓata a birnin Jeneba, aikin da ya samo asali tun yaƙin Faransa da Jamus na 1870.

Mutum na iya zuwa ofishin Red Cross na ƙasarsa ya gabatar da buƙata, su kuma su tuntuɓi takwararsu ta ƙasar da abin ya faru. Ba a biyan ko kwabo.

Kamfanonin intanet ma sun shigo fagen. Injiniyoyin Google sun ƙirƙiro shafin neman mutane bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010.

Facebook ya ƙaddamar da tsarin da mutum zai latsa ya nuna yana lafiya a watan Oktoban 2014, bayan darasin igiyar ruwan tsunami ta Japan ta 2011. An yi amfani da shi sosai a girgizar ƙasar Nepal ta Afrilun 2015.

To amma waɗannan hanyoyi sai da intanet suke aiki. A ranar 8 ga Fabrairun 2023 an taƙaita shiga Twitter a Turkiyya na tsawon sa'o'i, a daidai lokacin da jama'a ke amfani da shi wajen neman 'yan uwansu.

Darasin Christian Atsu

Ɗan ƙwallon ƙafar Ghana Christian Atsu, wanda ya taɓa buga wa Newcastle a Ingila, yana wasa ne a ƙungiyar Hatayspor. Shi ya ci mata ƙwallon nasara a ranar 5 ga Fabrairu, sa'o'i kaɗan kafin girgizar.

A ranar 7 ga wata wani jami'in ƙungiyar ya ce an ceto shi da rai. Labarin ya bazu a duniya, aka yi ta murna a Ghana.

Washegari wakilinsa ya ce ba a san inda yake ba. Sai ranar 18 ga Fabrairu aka gano gawarsa a ƙarƙashin ginin da yake zaune a birnin Antakya. Shekarunsa 31.

Idan har za a iya yin irin wannan kuskure game da sanannen mutum, to na ɗalibi ko ɗan kasuwa ya fi sauƙi. Labari mai daɗi da mara daɗi duk na buƙatar tabbaci daga wanda ya gani da idonsa, ko asibiti, ko hukuma.

Haka kuma bai kamata a yi gaggawar sanar da rasuwa ko kai wa iyaye ta'aziyya ba. Ko da yake masu aikin ceto na ɗaukar sa'o'i 72 na farko a matsayin mafi muhimmanci, a Turkiyya an zaro mutane da rai bayan sama da kwana goma.

Bayan an ji muryarsa

Samun aboki da rai ba shi ne ƙarshen lamarin ba. Girgizar ta zo ne a tsakiyar hunturu, kuma mutane da yawa sun kwana a motoci da tantuna saboda tsoron ƙananan girgizar da ke biyo baya. A ranar 20 ga Fabrairu wata mai ƙarfin sama da maki 6 ta sake afka wa Hatay.

Tambayoyin da ke da amfani su ne na wurin kwana, abinci, magani da fasfo. Neman ya turo hotuna ko ya maimaita yadda abin ya faru na ƙara masa nauyi ne kawai.

Kafin a tura kuɗi, a tambaye shi hanyar da zai iya karɓa, domin bankuna da na'urorin cirar kuɗi ma kan daina aiki. Idan saƙon neman kuɗi ya zo daga baƙuwar lamba, sai an ji muryarsa tukuna, saboda 'yan damfara kan yi amfani da irin wannan lokaci.

Kiraye-kiraye kan yi yawa a makon farko, sannan su ragu, alhali a lokacin ne wanda ya tsira kan fara fama da rashin barci, da firgita, da tunanin makomar karatunsa ko sana'arsa. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa na ba da shawarar a ci gaba da tuntuɓarsa a makonni da watannin da ke biyo baya, a kuma fi sauraronsa.