Yaƙin Basasa A Cikin Aji: Abin Da Ya Kamata Ɗaliban Gwandu Da Kalgo Su Sani

A garin Gwandu akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, ɗaya daga cikin makarantun da ake kira na haɗin kan ƙasa. A Kalgo kuma akwai mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013. Makarantu irin waɗannan sukan tara 'ya'yan sassa daban-daban na Nijeriya a aji guda, kuma yaƙin basasa na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yawaita makarantun haɗin kai, ta kuma ƙirƙiro shirin yi wa ƙasa hidima a 1973. Duk da haka, yaro yana iya kammala sakandare ba tare da wani malami ya taɓa bayyana masa yadda yaƙin ya faro da yadda ya ƙare ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fiye da shekara goma darasin tarihi ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa, sai a Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi tare da shirin horar da malamai 3,700. Waɗanda suka taso a wannan tsakani sun samo labarin yaƙin ne daga majalisar ƙofar gida da Facebook, inda kowa ke ba da rabin da ya yi masa daɗi. Ƙasar Labanan, wadda ta yi nata yaƙin daga 1975 zuwa 1990, har yau ba ta da littafin tarihi guda da makarantunta suka yarda da shi kan wannan zamani, saboda haka kowane yaro yana gadon labarin ɓangaren iyayensa.

Malamin da zai fara wannan darasi sai ya soma da jerin kwanaki, domin mafi yawan gardama daga rikita gaba da baya take tasowa. Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu hafsoshin soja, cikinsu har da Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, suka kashe Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, tare da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, a watan Mayu ya fitar da doka mai lamba 34 wadda ta rushe tsarin jihohi, abin da ya haddasa tarzomar Araba a biranen Arewa. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi juyin mulkin ramuwa, aka kashe Ironsi a Ibadan, Gowon ya hau. Taron Aburi na ƙasar Gana a Janairun 1967 bai ɗinke ɓarakar ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, bayan kwana uku Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya ayyana Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi. An yi wata talatin ana gwabzawa, sai ranar 15 ga Janairun 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas.

Wurin da malamin Arewa ya fi jin nauyin baki shi ne watannin Satumba da Oktoba na 1966, lokacin da aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo da sauran mutanen Gabas a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka kwashe zuwa gida. Yaran nan sun san kisan Sardauna tun suna ƙanana, kuma haƙƙinsu ne su sani. Amma darasin da ya tsaya a daren 15 ga Janairu, ya tsallake abin da ya biyo baya, ya bar ɗalibi ba zai taɓa gane dalilin da ya sa talakan Gabas ya bi Ojukwu ba. Haka nan darasin da ya fara daga Satumba ya manta da Janairu, kamar yadda ake yi a wasu wurare, shi ma gurgu ne. Dole a ambaci kisan fararen hula a Asaba a Oktoban 1967, da yunwar da toshe hanyoyi ya jawo a yankin Biyafara. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a yaƙin ya kama daga rabin miliyan zuwa sama da miliyan biyu, mafi yawansu fararen hula, kuma wannan tazara ita kanta abin nazari ce: wa ya ƙirga, yaushe, da wace manufa?

Ƙasar Gwandu tana da hanyar shiga wannan batu da wasu wurare ba su da ita. A ƙarni na sha tara an daɗe ana fafatawa tsakanin Gwandu da Kabawa, musamman bayan tawayen Yakubu Nabame a 1849, har aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, daga baya yaƙi ya sake komawa. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 ita ce ake dangantawa da asalin bikin kamun kifi na yanzu. Ɗalibin Kalgo ya san cewa labarin waɗannan yaƙe-yaƙe yana da fuska ɗaya a Gwandu, wata fuskar a Argungu, kuma jikokin ɓangarorin biyu suna auratayya suna cin kasuwa ɗaya. Wanda ya fahimci haka a gida ba zai sha wahalar fahimtar cewa Inugu da Kaduna suna tuna 1966 ta hanyoyi biyu ba.

Littattafai ma haka za a haɗa su. A ba ɗaliban jami'a "Why We Struck" na Adewale Ademoyega, ɗaya daga cikin masu juyin mulkin, tare da martanin A. M. Mainasara, "The Five Majors". A haɗa "My Command" na Olusegun Obasanjo da littafin Alexander Madiebo, kwamandan sojojin Biyafara. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian za su nuna wa ɗalibi abin da kakansa ya karanta a lokacin, har da farfagandar da ke ciki. Akwai kuma batun lafazi, wanda ake rainawa: sunan "Inyamuri" da ya zauna a bakin jama'a, masu shi ba sa son sa, bai kuwa dace ya fito daga bakin malami a ajin da yarinyar Anambara take zaune ba.

Ga 'yan kasuwa da ma'aikata, bayan yaƙin ya fi kusa da rayuwar yau. Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, amma mutumin Gabas da ya taɓa ajiyarsa ta banki a lokacin yaƙi fam 20 kawai aka ba shi, komai yawan kuɗinsa, gidajen Ibo da yawa a Fatakwal kuma ba su koma hannun masu su ba. Wanda ke ciniki da ɗan kasuwar Onica a Jega ko Birnin Kebbi yana hulɗa da mutumin da aka rene shi da wannan labari.

Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, wadda Kebbi ta fito daga tsatsonta a 1991, an haife ta ne kwana uku kafin ayyana Biyafara, kuma samarinta sun shiga rundunar da ta kumbura daga kimanin soja 10,000 zuwa kusan 250,000. Ƙasar Zuru musamman ta yi suna wajen aikin soja. Wanda ya tafi fagen daga yana ɗan shekara 18 a 1967 yanzu ya haura 75. Aikin hutu da zai tura ɗalibi ya zauna da irin wannan dattijo, ko matar da ta jira shi, ya naɗi muryarsu a waya ya kawo makaranta a adana, ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga Abuja, sai dai yana buƙatar a fara shi a wannan zangon karatu.