Kafin Ka Sayi Sabon Allo, Leƙa Bayan Tsohuwar Kwamfutarka

A makarantu da ofisoshi da shagunan buga takardu, har yanzu akwai tsofaffin kwamfutocin tebur da ke aiki garau, sai dai allonsu mai ƙeya ya gaji: ya dusashe, ya cinye rabin tebur, ga shan wuta. Allo mai ƙeya ɗan inci 17 yakan ci wajen wat 70 zuwa 100, alhali shafaffen allo na zamani bai cika wuce wat 30 ba. Duk mai aiki da sola ko ƙaramin janareta ya san wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen haɗawa. Mutum zai sayo sabon allo, ya iso gida ya tarar bakin wayar ya ƙi shiga, ko ya shiga amma allon ya tsaya baƙi ƙirin. Sai a hau zargin mai shago, ko a ce kwamfutar ce ta tsufa. Galibi ba ko ɗaya. An dai tafi kasuwa ne ba a san irin kafar da ke bayan kwamfutar ba.

Kafofi huɗu da ya kamata ka sani

Ta farko ita ce VGA. Shuɗiya ce, mai ramuka 15 a jeri uku, da kusoshi biyu na murɗawa a gefe. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, kuma kusan duk tsohuwar kwamfuta tana da ita. Ta biyu DVI, wadda ta zo a 1999, yawanci fara ce kuma ta fi VGA faɗi. Ta uku HDMI, irin wadda ke bayan dikoda da talabijin ta bango, tana ɗaukar hoto da sauti a waya ɗaya. Ta huɗu DisplayPort, ta 2006. Ta yi kama da HDMI, amma kusurwarta ɗaya ce kawai a yanke, kuma ana yawan samunta a kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake shigo da su na kwance. Bakin wayarta yakan zo da ɗan maƙalli. Sai ka danna shi kafin ka zare, in ba haka ba ka ɓalle kafar.

Akwai kuma wata da ke rikita mutane. Siffarta kamar VGA, amma haƙora 9 gare ta a jeri biyu. Ba ta allo ba ce, kada ka tura mata waya da ƙarfi. Duk bakin da ya ƙi shiga cikin sauƙi, ba wurinsa ba ne.

Saboda haka, kafin ka fita, juya akwatin kwamfutar ka ɗauki hoton bayanta da wayarka. Wannan hoton za ka nuna wa mai shago, ya ba ka allon da ke da kafa irin taka. In duka biyun suna da DVI ko HDMI, zaɓe su a kan VGA, domin hotonsu ya fi fita tas.

Hattara da wayar "VGA zuwa HDMI"

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Sababbin alluna da yawa ba su da kafar VGA, sai a miƙo maka wata waya mai araha, baki ɗaya shuɗi, ɗayan HDMI, a ce za ta yi. Ba za ta yi ba. VGA da HDMI ba yare ɗaya suke ji ba, dole sai da tafinta a tsakani. Tafintan shi ne ɗan akwatin da ake kira kwambata, mai na'ura a cikinsa da ke juya saƙon hoto daga tsohon tsari zuwa sabo.

Shi ma kwambatan hanya ɗaya yake bi. Wanda aka rubuta wa HDMI zuwa VGA na sabuwar kwamfuta ne da tsohon allo, kuma shi ya fi cika kasuwa. Kai mai tsohuwar kwamfuta da sabon allo, na VGA zuwa HDMI kake nema. Alamarsa, yakan zo da wata 'yar waya ta USB da ke ba shi wuta, da kuma bakin sauti irin na abin sa wa a kunne, tunda VGA ba ta ɗaukar sauti. Amma tsakanin DVI da HDMI, waya kawai ta isa, ba sai da kwambata ba.

Wuta kafin komai

Kashe kwamfutar da allon, ka zare su daga soket kafin ka haɗa. Sannan dubi wajen da wayar wuta ke shiga akwatin. Wasu tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Lamba 115 ta wutar Amurka ce, wadda ba ta wuce 120 ba, tamu a Najeriya da Nijar kuwa 220 ce zuwa 230. In makunnin yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji da ƙaurin hayaƙi. Haka kuma allon da ke amfani da adafta, kada ka aro masa na wani kayan sai ka tabbatar lambar da ke jikinsu ɗaya ce, domin akwai mai 12, akwai mai 19.

Idan allon ya ƙi nunawa

In ya rubuta "No Signal", duba abu biyu. Na farko, danna maɓallin zaɓen kafa a jikin allon, ka kai shi kan wadda ka jona. Na biyu, in akwatin yana da kafar allo a sama da kuma wata a ƙasa, gwada ta ƙasan. Ita ce ta katin hoto da aka ƙara, kuma sau da yawa in yana ciki ta saman ba ta aiki.

In kuwa "Out of Range" ya rubuta, kwamfutar tana aiko da saitin tsohon allon ne, wanda aka saba ɗora wa saurin sabunta hoto na 85, alhali shafaffen allo 60 ya fi so. A Windows XP ko Windows 7, ka riƙa danna F8 tun tana tashi, ka zaɓi tashi da ƙaramin hoto, sannan ka mayar da saurin 60. Daga nan ka saita girman hoton daidai da na allon, misali 1366 x 768 ko 1920 x 1080, in ba haka ba rubutu zai yi dishi-dishi, fuskoki su baje. In girman bai fito a jerin ba, direban katin hoto ne ke buƙatar sabuntawa. Mai amfani da VGA kuma ya danna maɓallin "Auto", hoton zai daidaita kansa.

Wajen saye da wajen zubarwa

In na kwance za ka saya, kada ka biya sai an kunna a gabanka. Sa a nuna maka fari zalla, sannan baƙi zalla. A nan ɗigo da layi da tabo ke bayyana. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Tsohon allon kuma kada a jefar wa yara shi a bayan gida. Gilashinsa yana ɗauke da dalma mai yawa, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma cikinsa yakan riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare shi daga soket. Kada a fasa shi, kada a ƙona shi don neman jan ƙarfe. In yana aiki, a ba wa mai buƙata. In ya mutu, a miƙa shi ga mai gyaran da ya san yadda ake kwance shi.