Hattara da Awon Hawan Jini ta Waya

Tallan ya cika Facebook. Agogon hannu mai auna hawan jini. Manhajar da za ka ɗora yatsa ta ba ka lamba nan take. Jama'a na saye, wasu har suna rage magani saboda abin da waya ta nuna musu. A dakata haka nan.

Asalin tsarin yana da kyau. Na'ura ce ta ɗaurawa a damtse, tana aika lamba zuwa waya, waya ta tura asibiti. An gwada shi a jihar Minnesota ta Amurka, aka buga sakamakon a 2013, kuma jinin marasa lafiya ya sauka. Sai dai a can akwai masanin magunguna da ke duba lambobin, ya kira mutum, ya gyara masa magani. Abin da ake sayar mana yanzu sau da yawa babu wannan mutumin a ciki.

Manhajar bogi ita ce ta fi ban tsoro. A 2014 aka fitar da wata mai suna Instant Blood Pressure a Amurka. Ka ɗora waya a ƙirji, ka sa yatsa a kyamara, shi ke nan. An sayi aƙalla 148,000. Da masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka gwada ta, sai suka tarar kusan huɗu cikin biyar na masu hawan jini tana ce musu lafiyarsu ƙalau. An janye ta daga kasuwa, amma ire-irenta suna nan birjik. Hawan jini ba ya sallama. Wanda waya ta kwantar wa hankali zai ajiye ƙwayarsa, jinin kuma yana can yana cin ƙoda da zuciya, har ranar da ɓarin jiki zai shanye.

Na'urar damtse ma ba kowace ba ce. Yawancin waɗanda ake sayarwa a intanet ba a tantance ingancinsu ba. Kai taka asibiti, a auna ka da ita, a auna da tasu, a kwatanta. Duba maɗaurin kuma. Mai kaurin damtse da ya ɗaura ƙarami, lambar sama na iya ƙaruwa da kusan 20. Likita na nesa ba ya ganin damtsenka. Lamba kawai yake gani, da ita zai ƙara maka magani, jiri ya kwashe ka a banɗaki.

Akwai kuma yadda ake awon. Dattijo ya dawo daga kasuwa, goro a baki, ya ɗaura na'ura a kan hannun riga yana ta hira. Wannan awon banza ne. A bar goro da shayi da taba minti 30 kafin awo. A zauna shiru minti biyar, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji.

Sannan ka tambaya: wa ke karanta abin da nake aikawa? Yaushe? In data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, wa zai sani? Idan ba a ba ka suna da lambar kira ba, to a iska kake aikawa. A gida, awon da ke yawan kai 135/85 yana bukatar amsar ma'aikacin lafiya, ba alamar "an tura" ba.

Ranar da lamba ta kai 180/120, ga ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko harshe ya yi nauyi, ko gani ya dushe, kada a tsaya jiran saƙo. A nemi mota a nufi asibiti. Mai juna biyu kuwa ba ta jiran wannan lambar. Da ta ga 140/90, a duba ta a ranar, balle in akwai ciwon kai ko kumburin fuska, tun kafin jijjiga ta kama ta.