Sabon Katin Hoto, Amma Kwamfuta Ta Ƙi Ganinsa

Idan aka sanya sabon katin hoto a kwamfutar ofis, allo ya ƙi kawo haske, akan yi saurin cewa an sayo jabu. Sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau. Masu gyara kan fara duba ko ya zauna daram cikin ramin PCIe, sannan ko an jona masa wayar wuta mai fil 6 ko 8. Wayar allo ma tilas ta bar tsohon gurbinta ta koma jikin katin. Idan kuwa Windows ta kira shi Microsoft Basic Display Adapter, manhajar da ke tafiyar da shi ce ta rage. Sauko da ita daga shafin Nvidia ko AMD ya fi rubuta takardar mayar da kaya sauƙi.