Yaran Tsibirin Kauai da Hanyoyin Farfaɗowa Daga Ƙuncin Ƙuruciya

An daɗe ana ɗaukar cewa yaron da ya tashi cikin talauci da rigimar gida ya riga ya lalace, har sai da binciken tsibirin Kauai, a jihar Hawai ta Amurka, ya raunana wannan zato. Masaniyar halayyar ɗan Adam Emmy Werner, wadda ta koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, da abokiyar aikinta Ruth Smith, sun bi rayuwar jarirai 698 da aka haifa a tsibirin a shekarar 1955, da yawansu 'ya'yan leburorin gonakin rake. Irin wannan aiki shi ake kira binciken dogon zango, wato a riƙa komawa kan mutane guda lokaci bayan lokaci, kuma an waiwayi waɗannan suna da shekara 1, 2, 10, 18, 32 da 40.

Kimanin 200 daga cikinsu sun zo duniya cikin haɗari, domin kafin su cika shekara biyu matsaloli huɗu ko fiye sun haɗu a kansu, kamar fatara, wahalar haihuwa, mutuwar aure, da shaye-shaye ko taɓin hankalin iyaye. Kashi biyu cikin uku na wannan rukuni sun shiga matsala, wasu karatu ya gagare su, wasu sun faɗa hannun hukuma, wasu 'yan matan kuma sun yi ciki da ƙuruciya. Sauran, su 72, sun tashi lafiya ƙalau, kuma abin da ya fi bambanta su shi ne kowannensu ya sami aƙalla babba ɗaya da ya riƙe shi da zuciya ɗaya, sau da yawa kaka ce, ko gwaggo, ko yaya, ko malamin makaranta, abin da ba zai zama baƙo ga al'ummar da ta san riƙo ba.

Sai dai abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne labarin waɗanda suka fara karkacewa. Da aka koma kansu suna da shekara 32 da 40, an tarar yawancinsu sun daidaita, suna da abin yi da iyali, kuma mata sun fi maza samun wannan sauyi. Ƙofa ta farko da ta buɗe musu ita ce ta neman abin kai: wasu sun koma makarantun manya da kwalejojin unguwa, wasu sun shiga soja inda suka koyi sana'a da horo. Amfanin aikin ya wuce albashi, domin wanda aka saba ce wa ba zai yi komai ba, ranar da aka damƙa masa makullin wurin aiki ya fara kallon kansa da wani ido.

Ƙofa ta biyu aure ce da mutum natsattse, kuma ga da dama aure na biyu ne, bayan na farko da aka yi cikin gaggawar gudun gida ya watse. Ta uku ita ce addini, musamman irin wanda ke neman mutum ya riƙa halartar ibada yana cuɗanya da jama'a, kamar yadda wasu suka shiga Shaidun Jehobah ko cocin Momon. Binciken bai auna gaskiyar wata aƙida ba, kuma ba aikinsa ba ne; abin da ya gani shi ne imani ya ba su ma'ana ga wahalar da suka sha, ya tsara musu lokaci, ya haɗa su da mutanen da za su neme su idan ba a gan su ba. Kaɗan ne suka ce likitocin ƙwaƙwalwa ne suka fi taimakonsu, ko da yake kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin hujjar guje wa asibiti ga mai taɓin hankali ko ciwon damuwa mai tsanani.

Nasarar ba ta zo kyauta ba. Wasu daga cikin waɗanda suka fi juriya sun yi fama da cututtukan da ke da alaƙa da yawan damuwa, wasu kuma sai da suka ja baya daga iyaye da 'yan'uwan da rigimarsu ke neman sake janyo su kafin suka iya tsayar da nasu gidan.