Jifa Goma Ka Gaji? Ga Yadda Za Ka Sa Atisayen Ƙwallon Kwando Ya Yi Daɗi

Ka san yadda abin yake. Da daddare ka ƙarar da datarka a TikTok kana kallon Stephen Curry yana zura ƙwallo daga nesa kamar wasa. Washegari bayan La'asar ka ɗauki ƙwallo ka nufi fili, ka tsaya can nesa, ka yi jifa goma, ɗaya ta shiga. Minti ashirin ba su cika ba ka zauna a inuwa kana duba WhatsApp. Sati biyu a haka, ƙwallon ta koma ƙarƙashin gado.

Ba lalaci ba ne, ɗan uwa. Jifan da ba a ƙirga shi, babu abin ci babu abin rasawa a cikinsa, dole ya gundure ka.

Dubi masuntan bakin tafkin Kainji, daga Wara har Yelwa. Yaron da ke koyon jefa birgi yakan yi ta maimaita abu guda har hannunsa ya faɗa, amma ba za ka ji ya ce ya ƙosa ba, domin kowane jifa akwai kifi a bayansa ko babu. To kai ma sai ka nema wa jifanka kifi.

Fara da tafiya Birnin Kebbi. Zana wurare biyar da alli ko gawayi kewaye da kwandon, daga kusurwar dama zuwa ta hagu, ka raɗa musu suna: Wara, Yelwa, Koko, Jega, Birnin Kebbi. Ta shiga, ka wuce gari na gaba. Ba ta shiga ba, zaɓi ya rage naka: ko ka kwana a nan ka jira zagayenka, ko ka yi kasada ka sake jifa. In wannan ma ta kuskure, sai ka koma Wara. Wallahi ranar da ka kai Jega aka mayar da kai Wara abokanka na dariya, ranar za ka gane abin da ɗan wasa yake ji a daƙiƙar ƙarshe. Sai dai a nan ne da yawa suke kuskure: kada ka zana wuraren a kan layin maki uku. Layin nan mita 6.75 ne daga kwando, kwandon kuma tsayinsa mita 3.05. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, in ya tsaya can, tunkuɗa ƙwallo zai yi da hannu biyu, kuma mummunar ɗabi'ar nan in ta zauna, fitar da ita aiki ne. Taku uku ko huɗu daga kwando ya isa. Sai ka yi tafiyar sau uku a jere ba a mayar da kai ba, sannan ka ja baya taku ɗaya.

In ku biyu ne ko uku da ƙwallo ɗaya, ku yi JAKI. A Amurka da sunan doki suke yinsa, mu dai jaki ya fi mana kusa. Na farko ya zaɓi wuri da salon jifa. In ta shiga, kowa sai ya kwaikwaya. Wanda ya kasa ya ɗauki harafi. J, A, K, I, wanda ya cike huɗun shi zai amsa sunan har gobe. Amfaninsa shi ne abokinka zai tilasta maka jifan da kake gudu, musamman da hannun hagu.

Ranar da kowa ya tafi gona ko kasuwa ka rage kai kaɗai fa? Kira Curry ɗin ya zo ku kara. Tsaya a layin jifan kyauta. Ta shiga, maki ɗaya naka. Ta kuskure, maki biyu nasa. Wanda ya riga kaiwa goma ya ci. Yi lissafi: sai ka zura goma kafin ka kuskure biyar. Makon farko zai lallasa ka, kada ka ji komai. Mutumin da ya karya tarihin Ray Allen na jifan maki uku 2,973 a Disambar 2021 ne ya doke ka. In ka fara cinsa, ƙara masa maki uku. Kuma kafin kowane zagaye, yi gudu zuwa ƙarshen fili ka dawo, domin a wasan gaske ba wanda ke yin jifan kyauta numfashinsa a kwance.

Wayar nan da take ɗauke maka hankali, ita ma ba ta aiki. Jingina ta da dutse ta ɗauke ka daga gefe. Duba: gwiwar hannunka tana ƙarƙashin ƙwallo ko ta buɗe waje? Ƙafafunka suna tura ka sama ko kafaɗa kaɗai ke wahala? Sannan ku buɗe rukuni a WhatsApp, kowa ya riƙa turo sakamakon jifansa 50 na rana. Ba bidiyon guda ɗayar da ta shiga ba, malam, lissafin gaskiya.

In kana ganin jifa ƙaramin abu ne, tuna Yulin 2021 a Las Vegas, lokacin da D'Tigers suka doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci. Jifan maki uku guda 20 suka zura a daren. Ke kuma 'yar uwa, D'Tigress ce ƙungiyar Afirka ta farko, maza da mata, da ta kai zagayen kusa da kusa da na ƙarshe a gasar Olamfik, a Faris a 2024. Duk wasannin nan uku za ki iya yinsu da ƙawayenki a filin makaranta, ko a tsakar gida in an kafa ƙarfe a bango.

Zafin rana a yankin nan ba wasa ba ne, don haka ku fita bayan Asuba ko bayan La'asar, da gorar ruwa. Duk wanda ya zama JAKI yau, gobe shi zai zo da ruwan.